Wa Ke Nuna wa Tantabara Hanyar Gida?

Duk wanda ya taɓa kiwon tantabara ya san ba a sayen manya a sake su a ranar. Ka je kasuwa ka zaɓi aure mai kyau, ka biya, ka kawo gida ka watsa musu dawa. In ka kuskura ka buɗe musu, kafin la'asar suna kan rufin wanda ya sayar maka. Shi ya sa ake fige musu gashin fiffike, ko a kulle su sai sun yi ƙwai, kuma shi ya sa masu wayo suka fi son sayen 'yan shila.

Daga unguwa zuwa unguwa abin bai cika ba da mamaki ba, tunda tsuntsun da ya yi sama yana iya hango gidansu. Amma akwai wani iri da mutanen Beljiyam suka fitar a ƙarni na 19, suna zaɓen masu sauri suna haɗa su aure, domin tsere kawai. Duk shekara ana loda irin waɗannan a keji a kai su Basalona ta ƙasar Sifen, a sake su da safe. Sai su ɗan yi shawagi, su miƙe arewa, su ci fiye da kilomita 1,000, kowace ta sauka a ɗakinta. Ba su ga hanyar da aka bi da su ba, wasu ma ba su taɓa zuwa wajen ba. To wa ya gaya musu inda gida yake?

Zato na farko shi ne tantabara tana lissafin hanya tun lokacin da ake tafiya da ita: nan an karya dama, nan an karya hagu, nan an miƙe. In an sake ta, sai ta warware lissafin. Masu bincike suka gwada. Aka sa wasu a ganga mai juyawa har aka isa wurin saki, aka yi wa wasu allurar barci suka yi tafiyar ba su san inda kansu yake ba. Manyan tantabaru da suka saba tashi suka farfaɗo, suka karkaɗe jiki, suka koma gida kamar ba a yi komai ba.

Sai aka koma kan ido. A 1972 wani Bajamushe, Klaus Schmidt-Koenig, shi da abokin aikinsa suka sanya wa tantabaru ɗan gilashi mai dishi-dishi a ƙwayar ido, yadda haske zai shiga amma ba za su tantance itace da gini ba sai a dab da su. Aka sake su, wasu daga nisan da ya wuce kilomita 100. Da yawa suka kamo hanya daidai har suka iso yankin gida. A nan ne suka rikice, suna sauka a gonaki da filayen da ke kusa, sun kasa gane ɗakin kansa. Ashe ido na ƙarshen tafiya ne. Doguwar hanyar kuwa da wani abu daban ake cin ta.

Tun kafin wannan, a 1950, wani Bajamushen mai suna Gustav Kramer ya riga ya kama bakin zaren. Ya sa wani ƙaramin tsuntsu mai ƙaura a keji zagayayye mai tagogi. Da lokacin ƙaura ya zo, tsuntsun ya riƙa fuskantar ɓangare ɗaya yana kaɗa fiffike. Kramer ya kafa madubai a tagogin, suka karkatar da hasken rana, ya zama kamar daga wani gefe take ɓullowa. Nan take tsuntsun ya juya gwargwadon karkacewar hasken. Rana ce kamfas ɗinsa.

Sai dai rana ba ta tsayawa wuri ɗaya, saboda haka wanda zai yi jagora da ita dole ya san ƙarfe nawa ne. Schmidt-Koenig ne ya nuna cewa tantabara tana da agogo a jikinta, kuma ana iya ɓata mata shi. Ya kulle tantabaru a ɗaki marar taga na 'yan kwanaki, yana kunna fitila yana kashewa, amma ya jinkirta "asubarsu" da awa 6. Ka ɗauka gidan tantabarar yana kudu, an kuma sake ta da tsakar rana a Jamus, lokacin da rana take kudu sosai. Agogon jikinta yana ce mata yanzu gari ya waye, saboda haka wannan ranar da take gani a gabas take. Mai son zuwa kudu da sassafe yakan bar rana a hannun hagu. Sai ta bar ta a hagu, ta miƙe yamma tana ganin kudu ta nufa. Haka kuwa aka yi ta gani: awa 6 na ɓata agogo, kusan digiri 90 na kauce hanya.

Da wannan aka tabbatar da kamfas, amma ba nan gizo ke saƙar ba, kuma Kramer da kansa ya faɗa. A rufe wa mutum ido a sauke shi a dokar daji: zai duba rana ya gane gabas ya yi sallarsa, amma sanin gabas ba zai gaya masa ko garinsu yana arewa da shi ko kudu ba. Tantabara tana bukatar abu biyu, taswirar da za ta ce mata "kina yamma da gida", da kamfas ɗin da zai nuna mata gabas ɗin. Kramer bai ga ƙarshen binciken ba. A 1959 ya faɗo daga kan dutse a kudancin Italiya ya rasu, yana ƙoƙarin ɗebo 'ya'yan tantabarar daji.

Ana wata ga wata. A Jami'ar Cornell ta Amurka, William Keeton ya lura cewa ranar da hadari ya rufe sama ruf, tantabarun da aka ɓata wa agogo ba sa kauce hanya, gida suke nufa kai tsaye. Ke nan in babu rana akwai wani kamfas ɗin a ajiye. A 1971 ya manna wa wasu ɗan sandan maganaɗisu a baya, wasu kuma ya manna musu tagulla mai nauyi ɗaya wadda ba ta jan ƙarfe. In da rana, tsofaffin hannu ba su damu da ko wanne ba. In hadari ya rufe, masu tagulla su tafi gida, masu maganaɗisu su watse. Duniya kanta babban maganaɗisu ce, tantabara kuma tana jin ta. An daɗe ana cewa wasu ƙwayoyi masu sinadarin ƙarfe da ke saman bakinta su ne ke wannan aiki, har abin ya shiga littattafai. A 2012 David Keays da abokan aikinsa a Biyana suka yanka bakin tantabaru siriri-siriri suka duba, suka tarar ƙwayoyin na garkuwar jiki ne, ba su da alaƙa da jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Wannan zaton ya rushe.

Kamfas dai ya zama biyu, taswira kuwa shiru. Amsar ta fito daga inda ba a zata ba. A farkon shekarun 1970, Floriano Papi na Jami'ar Pisa a Italiya ya yanke wa wasu tantabaru jijiyar jin ƙamshi, ya kai su wurin da ba su sani ba ya sake. Lafiyarsu ƙalau, idonsu garau, rana tana haskawa, amma suka rasa inda za su nufa. Mutane da yawa ba su yarda ba. A lokacin ana ganin tsuntsu ba shi da hancin kirki, wasu kuma suka ce zafin tiyata ne ya dame su.

Sai mutanen Pisa suka ɓullo da gwajin da ba wuƙa a ciki, wanda a ganina ya fi duk sauran wayo. Suka gina ɗakin tantabara mai shan iska ta kowane gefe, suka kafa masa allunan da ke karkatar da iskar kafin ta shiga. Iskar da ta taso daga yamma, sai ta iso wa 'yan shilan kamar daga wani gefe ta fito. Aka rene su a haka. Ranar da aka kai su nesa aka sake, sai suka kauce hanya ta ɓangaren da aka karkatar da iskar. Waɗanda aka karkatar musu dama suka yi dama, na hagu suka yi hagu.

Ga yadda abin yake. Ɗan shila yana zaune a ƙofar ɗakinsu wata da watanni yana shaƙar iska. A Pisa teku tana yamma, saboda haka iskar yamma takan zo da warin teku, ta wani gefen ta zo da na daji ko na duwatsu. A hankali yana haɗa kowane wari da ɓangaren da yake fitowa. Ranar da aka sauke shi inda warin teku ya yi ƙarfi fiye da yadda ya saba, ya san an kawo shi yamma, gida yana gabas. Daga nan sai ya duba rana ta nuna masa gabas. Hans Wallraff na Jamus, wanda da farko shi ma yana shakka, ya yi ta maimaita gwaje-gwajen yana samun abu ɗaya, har ya bi wurare da dama yana ɗibar iska ana aunawa, aka ga sinadaran da ke cikinta suna ƙaruwa ko raguwa bisa tsari daga wannan yanki zuwa wancan. A 2006 Anna Gagliardo, ita ma ta Pisa, ta raba gardamar tiyata. Ta yanke wa rukuni ɗaya jijiyar hanci, ɗaya rukunin kuma jijiyar baki da ake dangantawa da jin maganaɗisu, ta sake su daga nisan kilomita 50 ko kusa da haka. Kusan duk na rukuni na biyu suka dawo. Na farko ƙalilan ne suka ga gida.

Har yau akwai masu ganin hanci ba shi kaɗai ba ne. Tantabara tana jin ƙara mai zurfin da kunnen mutum ba ya kamawa, kuma a 2013 Jon Hagstrum, masanin ƙasa a Amurka, ya yi amfani da wannan wajen bayyana wani tsohon abin mamaki: wani tudu mai suna Jersey Hill inda tantabarun Cornell suka yi ta ɓacewa shekara da shekaru. A lissafinsa, yanayin iska da shimfiɗar ƙasa ne ke hana irin wannan ƙara ta yankin gidansu isa tudun. Bayani ne mai daɗin ji, amma hujjojin hanci sun fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Saura ƙarshen hanya, inda ido ke karɓar aiki. Da aka samu na'urar GPS ƙarama wadda tsuntsu zai iya goyawa, masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila suka bi sawun tantabaru a 2004, suka ga abin dariya. A yankin da ta sani, tantabara ba ta damu da miƙaƙƙiyar hanya ba. Titi take bi, ko layin dogo, ko kogi, wata ma har ta karya kwana a shataletale. Kowace da hanyarta, kuma in ta zaɓa ta zaɓa ke nan, ko da ta fi tsawo. Wani binciken na Oxford da ya fito a 2021 ya nuna suna tuna hanyar bayan shekara uku zuwa huɗu ba su bi ta ba.

Abin da ke jan tantabara gida kuwa sananne ne ga kowane mai kiwo. Tantabara mai aure ɗaya ce. Ƙwai biyu take yi, miji ya kwanta da rana, mata da dare, kwana 18 su ƙyanƙyashe, su biyun kuma suna ciyar da 'ya'yan da wani farin ruwa mai kauri daga maƙoshinsu. Masu tsere a Beljiyam sun mai da wannan dabara: a raba miji da matarsa, a nuna masa ita dab da za a tafi da shi, ya dawo kamar zai tashi sama da ɗakin. Saboda haka tantabarar saƙo ba ta kai wasiƙa gidan kowa, gidansu kawai take komawa. Lokacin da Paul Julius Reuter yake aika farashin hannun jari daga Brussels zuwa Aachen a 1850, sai an ɗauki tantabarun Aachen an kai su Brussels tukuna, sannan a ɗaura musu takarda.

Wannan bincike yana da amfani ga wani sabon salon kiwo da ke yaɗuwa a biranen Amurka da Turai, inda ake zama da tantabara a cikin ɗaki kamar kyanwa. Ana ɗinka mata ɗan wando mai tare kashi, ta yi yawo a falo, ta hau kafaɗar mai ita. Tana gane fuskar mai ba ta abinci, ba ta da ƙara, kuma takan kai shekara 15, alhali ta titi da wuya ta wuce biyar. Sai an kula da shara da iska, domin ƙurar gashinta da busasshen kashinta suna jawo ciwon huhu ga wanda ya daɗe yana shaƙa. A San Francisco akwai ƙungiya mai suna Palomacy da ke tsintar tantabaru tana nema musu masu riƙo. Da yawansu manyan farare ne da ake kiwo don nama, waɗanda wani ya saya ya saki don tausayi ko don biki, yana zaton kowace tantabara ta san hanya. Ba su san ko'ina ba. A gefen titi ake samun su, yunwa ta ci su, ko shaho ya raunata su.

Tantabarar da ta tashi a ɗaki ba ta zauna a iskar waje ta haɗa taswira ba, ba ta yi shawagi ta san rufin gidan daga sama ba, ko rana ba ta koyi karantawa yadda ya kamata ba. In kana da irinta, kada ka kai ta bayan gari ka saki don ka gwada ta. In kuma mai komowa kake so, nemi ɗan shila na irin tsere da bai fara tashi ba, ka yi masa ɗaki inda iska ke ratsawa ta kowane gefe, ka bar shi ya yi makonni yana kewaya gida, sannan ka fara kai shi nesa kaɗan-kaɗan, da safe, ranar da gari ya yi garau.