Ko Kun Sani? Funkaso da Ɗan'uwansa na Indiya

Ko kun san cewa alkamar da manoman fadamar Kogin Haɗeja, musamman wajen Auyo, suke shukawa a watan Nuwamba, su yi mata ban-ruwa cikin hunturu har ta nuna a Maris, irinta ce mutanen Indiya suke yin soyayyiyar gurasarsu mai suna puri da ita? Su dai kwaɓi mai tauri marar yisti suke murzawa, tururin cikinsa ya kumbura shi a tafasasshen mai, alhali kuwa iyayenmu mata, bisa hikimar da suka gada, sukan bar ƙullin funkaso ya tashi tukuna, sa'an nan su jiƙa hannu, su ɗebo, su huda tsakiyarsa da yatsa, su soya, a ci da miyar taushe ranar Salla.