Yadda gubar dayoksin ke tsaga ganɗar ɗan ɓera tun yana ciki

Ɗaga harshenka ka taɓa saman bakinka. Wannan rufin da ka ji, wato ganɗa, ba a dunƙule ya fara ba. Ɓangarori biyu ne, dama da hagu, suka taho suka haɗe tun kana cikin mahaifiyarka. Idan haɗuwar ba ta yiwu ba, sai a haifi jariri da tsaga tsakanin baki da hanci, shan nono ma ya zamar masa wahala.

Don gano abin da ke hana wannan haɗuwa, masu bincike kan yi aiki da ɓeraye, saboda cikinsu kwana 19 zuwa 21 ne kacal. A ɗan tayin ɓera, ɓangarorin ganɗar kan fara tsirowa wajen kwana na 12, su rataya a gefen harshe. Wajen kwana na 14 sai su miƙe sama da harshen, kafin kwana na 16 sun manne. Ka ga ke nan aikin na 'yan kwanaki ne, kuma in lokacin ya wuce, ya wuce.

To, ina dayoksin ya shigo? Guba ce da ke fitowa idan aka ƙona shara mai roba, irin robar da ake naɗe wayar lantarki da ita. Idan aka ba ɓera mai ciki nau'inta mafi ƙarfi, TCDD, daidai waɗannan kwanaki, sai 'ya'yan su fito da tsagaggiyar ganɗa, sau da yawa har da kumburin ƙoda.

Abin lura shi ne, gubar ba ta lalata rubutun ƙwayoyin gado. Akwai wani furotin a cikin ƙwayoyin jiki mai suna AhR. Dayoksin kan maƙale masa, shi kuma ya shige inda DNA take, ya kunna wasu ƙwayoyin gado ba a kan kari ba. Sai saƙonnin da ke gaya wa ganɗa lokacin girma da lokacin mannewa su rikice. Kamar dai a ce littafin yana nan lafiya, amma an sa mai karatu ya buɗe shafin da ba shi ba.

Hujja? A shekarar 1997 masu bincike a Japan suka samar da ɓerayen da ba su da AhR sam. Aka ba iyayen dayoksin, amma 'ya'yan da ba su da furotin ɗin ganɗarsu ta haɗe lafiya lau. Haka kuma ɓerayen C57BL/6 sun fi na DBA/2 saurin kamuwa, domin AhR ɗinsu ya fi riƙe gubar gam. Guba ɗaya, gado daban, sakamako daban.

Amma kada ka ɗauka ɓera mutum ne. Gwaje-gwaje sun nuna naman ganɗar ɗan Adam na bukatar gubar da ta ninka ta ɓera sosai kafin ya nuna irin wannan illa. Duk da haka dayoksin na taruwa a kitse, tana shigarmu ta nama, madara da kifi, kuma jiki kan ɗauki shekara 7 zuwa 11 kafin ya rage rabinta. Saboda haka in za a cinna wa bola wuta kusa da inda awaki da kaji ke kiwo, ka tuna tokar na iya ƙarewa a tukunyarka.