Ciwon Ciki Mai Tafiya Yana Dawowa

Akwai ciwon hanji mai daɗewa wata da watanni. Ciki ya murɗa, ya kumbura. Yau zawo, gobe bayan gida ya yi tauri.

Hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta jijiyoyi. Shi ya sa damuwa ke tayar da ciwon, ciwon kuma ya ɓata rai.

Cikin hanji akwai ƙananan halittu masu amfani. Kindirmo ma yana da irinsu. Wasu sukan sami sauƙi da shi, wasu kuwa yakan ƙara musu kumburi. A gwada kaɗan-kaɗan har mako 4. A tafasa madara kafin a yi kindirmon.

Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa, ya hanzarta zuwa asibiti.