Tsutsar da ke sa saiwa ta yi mata aiki

'Yan'uwa masu noman rani a bakin Kogin Sakkwato, daga Gusau zuwa Bunguɗu, da na fadamun Tsafe, sun sha kawo mana kuka: tumatir ya sha ruwa, ya sami taki, amma da rana ta take sai ya yi yaushi. In muka tumɓuke shi, sai mu tarar saiwar duk ta yi ƙulli-ƙulli.

Mai wannan ɓarna wata 'yar tsutsa ce a cikin ƙasa, ana kiranta nematod. Ido ba ya ganinta. Takan shiga sabuwar saiwa, ta soka bakinta mai kama da allura, ta zuba yawu. Yawun yakan kama furotin, wato sinadaran da ke tafiyar da aikin ƙwayoyin saiwar, ya juya su. Sai shukar ta kasa kare kanta, wasu ƙwayoyin su kumbura su zama rumbun tsutsar. Nan za ta zauna tana ci, ta zuba ɗaruruwan ƙwai. Cikin kamar wata 1 'ya'yan sun fara nasu. Kumburin yana matse hanyar ruwa, shi ya sa ƙarin ban ruwa ba ya magani.

Me za mu yi? Bayan girbi mu tumɓuke saiwoyin mu ƙone. Mu kafce lambu a watan Maris ko Afrilu, rana ta gasa ƙasar. Kada kuɓewa ko yalo su bi bayan tumatir. Gara gero ko dawa. Kafin dashe kuma, mu duba saiwar kowane ire, mai ƙulli kada ya shiga lambu.