Ƙidayar Ambato: Me Take Aunawa a Aikin Mai Bincike?

Kusan kowace shekara, wajen Satumba ko Oktoba, jami'o'inmu kan fitar da sanarwar taya murna cewa wane da wane sun shiga "jerin Stanford", wato kashi 2 cikin 100 na masana kimiyya da suka yi zarra a duniya. Murnar tana da dalili. Wanda ya yi bincike a inda wuta ba ta tsayawa, kayan gwaji sai an roƙo, har sunansa ya fito kusa da na mutanen Ingila da Amurka, ya cancanci yabo. Sai dai kaɗan ne cikin masu taya murnar suka san abin da aka ƙidaya kafin a kai ga wannan jeri, alhali irin wannan ƙidaya ta fara yanke hukunci kan wanda zai zama farfesa da wanda zai samu kuɗin bincike.

Abin da ake ƙidayawa shi ne ambato. Duk maƙalar bincike tana ƙarewa da sunayen ayyukan da marubucin ya dogara da su. Idan likita a Zariya ya buga bincike kan hawan jini, wani a Indiya ya sa shi cikin madogararsa, likitan Zariya ya samu ambato ɗaya. Eugene Garfield, wani Ba'amurke, shi ne ya kawo shawarar tattara waɗannan ambatoci a 1955, ya kuma fitar da kundin farko na Science Citation Index a 1964. Manufarsa ita ce sauƙaƙa wa mai bincike gano wanda ya ci gaba da aikin wani. Yau manyan rumbunan guda uku ne: Web of Science, da Scopus na kamfanin Elsevier, da Google Scholar. Kowanne da irin mujallun da yake kallo, shi ya sa mutum ɗaya zai ga lambobi uku mabambanta. Na Google Scholar ya kan fi yawa, domin yana kwasar kusan duk abin da ya tarar a intanet.

A 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya ƙirƙiro ma'aunin h, wanda yanzu ake rubutawa a takardar neman aiki. Lissafinsa mai sauƙi ne. A ɗauka wata likita ta buga maƙala 40. A jera su daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. Idan ta goma sha biyu ta samu ambato 12 ko fiye, ta goma sha uku kuwa ba ta kai 13 ba, to ma'auninta 12 ne. Sauran 28 ɗin ba su shiga lissafi ba. Haka kuma ko da maƙalarta ta farko an ambace ta sau dubu biyar, matsayin guda ɗaya take da shi. Wanda ya buga abu uku kacal da suka canja fanninsa gaba ɗaya ba zai taɓa wuce 3 ba.

Jerin da ake jingina wa Stanford kuwa aikin Farfesa John Ioannidis ne na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa, da suka fara fitarwa a 2019 daga bayanan Scopus. Ba lambar yabo ba ce da jami'ar ke bayarwa, kuma babu kwamitin da ya zauna ya karanta aikin kowa. Kwamfuta ce ke haɗa ma'aunai shida na ambato, ta raba mutane fanni-fanni. A gaskiya an yi ƙoƙari a cikinsa, domin yana nuna lambar mutum da kuma abin da ya rage idan an cire ambaton da ya yi wa kansa. A wannan bayanin ne aka gano aƙalla mutum 250 da fiye da rabin ambatonsu daga su ne ko abokan rubutunsu.

To me ambato yake nunawa? Yana nuna cewa masu rubuta maƙala sun yi amfani da aikinka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a 2014 da mujallar Nature ta jera maƙaloli 100 da aka fi ambata a tarihi, ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, hanyar auna yawan furotin a ɗakin gwaji, da ambato sama da 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 da ta bayyana surar DNA ba ta shiga ɗarin ba. Hanyar gwaji kowa na buƙatarta kullum, sai a yi ta ambatonta. Babban ganowa kuwa da zarar ya shiga littattafan makaranta sai a daina faɗin tushensa.

Kuma kwamfuta ba ta bambance yabo da ƙaryatawa. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar Lancet, wadda ta danganta allurar rigakafin ƙyanda da larurar galahanga bisa yara 12 kawai, an janye ta a 2010, aka kuma soke lasisinsa na likita. An ambace ta fiye da sau dubu, mafi yawa don a rusa ta. A lissafi duk riba ce.

A fannin lafiya ne wannan giɓi ya fi damuna. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake rubuta mana a asibiti yau, tushensa aikin Tu Youyou ne ta ƙasar Sin, wadda ta tatso sinadarin atemisinin daga wata ciyawa dangin tazargade a farkon shekarun 1970. Da aka buga sakamakon a 1977, da Sinanci aka buga, kuma da sunan ƙungiya, babu sunanta. Ba ta da digirin digirgir. Sai a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Katalin Karikó, 'yar asalin Hangari, Jami'ar Pennsylvania ta rage mata matsayi a 1995 saboda ta kasa samo kuɗin bincike. Maƙalar da ta rubuta da Drew Weissman a 2005, Nature ta ƙi karɓa, bayan an buga ta a wata mujallar ma ta yi shekaru ba a kula ta sosai ba. A kanta aka gina rigakafin korona na Pfizer da Moderna, su biyun suka karɓi Nobel a 2023. Da an auna Karikó da ma'aunin h a wancan lokaci, da an ce ba ta taɓuka komai ba.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da mu. Yawan ambato ya dogara da yawan masu aiki a fannin. Mai binciken sankarar mama ko ciwon suga yana da dubban takwarori a Turai da Amurka da za su iya ambatonsa. Wanda ya ba da rayuwarsa ga cutar nan mai cin baki da fuskar ƙananan yara, wadda likitoci ke kira noma, da wa zai yi takara? Cuta ce ta yunwa da talauci, tana kama yara masu shekara 2 zuwa 6, tana kashe kusan tara cikin goma idan ba a yi magani ba. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, amma sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Likitan da ya gano yadda za a kama ta da wuri a ƙauye zai iya ceton yara da dama, lambarsa ta zauna ƙasa da ta wanda sunansa ya shiga na ɗari biyu a wata babbar maƙala ta haɗin gwiwa. Idan matasan likitocinmu suka fahimci cewa lamba ce ke kai mutum gaba, za su bi inda lamba take, su bar cututtukanmu.

Mujallun Afirka da yawa, ciki har da waɗanda ke rumbun mujallun Afirka na AJOL, ba sa cikin Scopus ko Web of Science. Littafi ko nazarin da aka rubuta da Hausa ko Larabci kuwa kusan bai wanzu ba a idon waɗannan rumbuna.

Da lamba ta zama tsanin hawa, masu wayo suka samo hanya. A 2010 Cyril Labbé na Grenoble a Faransa ya ƙirƙiri wani masani na bogi mai suna Ike Antkare, ya sa kwamfuta ta haɗa masa maƙaloli kimanin ɗari marasa ma'ana da ke ambaton juna, Google Scholar ya ba shi ma'aunin h na 94. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa. A 2023 kaɗai an janye maƙaloli sama da 10,000 a duniya, fiye da 8,000 daga mujallun kamfanin Hindawi. A nan gida kowa ya san al'adar "sa sunana in sa naka", da malamin da ke ciro kuɗi daga albashinsa ya biya mujallar da za ta buga masa cikin mako guda don lokacin ƙarin girma ya ƙarato. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai. Tsarin da ya ce a kawo maƙala kaza kafin a hau mataki kaza shi ne ya tura shi.

Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai, kuma wasu ƙasashe sun fara aiki da wannan. A Disambar 2012 masana da editoci suka tsara sanarwar DORA a San Francisco, wadda ta nemi a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki. Jami'ar Utrecht ta Holan ta cire wannan ma'auni daga ɗaukar aiki da ƙarin girma a 2021. Sin ma a 2020 ta umurci jami'o'inta su rage dogaro da ƙidayar maƙaloli, su duba 'yan zaɓaɓɓun ayyuka.

Jami'o'inmu za su iya yin haka ba tare da sun jefar da lambobin ba. A ce wa mai neman farfesa ya zaɓi ayyukansa biyar, ya faɗi abin da shi da kansa ya yi a kowanne, da abin da ya canja a dalilinsa: ko an sauya yadda ake kula da masu sikila a ɗakin yara, ko wata ma'aikatar lafiya ta gyara ƙa'idarta, ko ɗalibai nawa ya yaye da ke ci gaba da aikin. Wahalar ita ce sai an karanta, karatu kuma yana cin lokaci fiye da duba lamba a allon waya. Dole a nemo masu tantancewa da suka san fannin da gaske, a ba su makonnin da suke buƙata, a kuma biya su haƙƙinsu a kan lokaci.