Ina Za A Sami Irin Itatuwan Magani?

Manoma 'yan'uwana, makon jiya wani dattijo mai magani a nan Gyallesu ya tsai da ni, ya ce saiwar sanya, watau uwar magunguna, wadda a dā yake haƙowa nan kusa, yanzu sai ya biya kuɗin mota ya tafi daji mai nisa. Yana so ya dasa a bayan gida, amma ina iri?

To, ga amsa, gama na san ba shi kaɗai ba ne.

Da fari dai, kada ku dogara ga irin da ake kasawa a kasuwa. Abin da mai magani ya shanya domin sha ba don shuka aka ajiye shi ba. Ni kaina bara na sayi irin maɗaci rabin mudu, na shuka, ko ƙwaya goma ba su tsiro ba, ashe ya kwana biyu. Irin maɗaci da na dalbejiya ba su jimrin ajiya. Ku je gindin uwa mai lafiya a ƙarshen rani, sa'ad da kwanson maɗaci ya fara tsagewa, ku tsince, ku shuka nan da nan cikin leda a inuwa.

Ƙirya da bagaruwa kuwa fatarsu tauri gare ta. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin, a bar shi ya kwana, da safe a shuka.

Hano ba ya bukatar iri ma. A sari reshe mai kauri kamar hannu dab da faɗuwar ruwa, a kafa, zai kama, ga shinge kyauta.

Sanya ita ce mai wuyar sha'ani. Irinta ba ya yawan tsirowa, kuma saiwarta doguwa ce, in aka cire domin dashe sai ta karye. Saboda haka ku shuka da yawa a inda za ta zauna, ku kewaye da ƙaya saboda awaki. Kada ku tumɓuko ƙarama daga daji, asarar biyu ke nan.

Wanda ke son dashe kuwa, ya tafi Samaru, tashar binciken itatuwan daji, ya tambayi abin da ke cikin lambun renonsu. Kadan za ku shiga gandun daji irin na Guga ɗibar iri, lalle ku fara neman izinin malamin daji.

Dattijon nan mun yi alkawari za mu kafa masa hano shida kafin ruwan Mayu.

Malamin Gona, Gyallesu