RAUNIN MAZA: CIWON DA BA A FAƊA A KARA



Yau ba a kan farashin shanu ko kuɗin tarago za mu yi magana ba. Magana ce wadda kowa ya san da ita, amma sai a raɗa. Duk wanda ya bi ta New Bell bayan la'asar, ko ya ratsa Kasuwar Sandaga a nan Duwala, ya ga masu yawo da kwalabe da ƙulle-ƙullen maganin maza, ya kuma ga yadda dattawa masu mutunci ke saye suna waige-waige. Kuɗi na tafiya, ciwo na nan, gidaje kuma na rikicewa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu faɗa wa juna gaskiya.

Abin da muka riga muka sani

Babu wanda ya kai mu sanin aikin maraina, domin sana'armu ce. Ɗauki maruƙa biyu sa'o'in juna, a dandaƙe ɗaya a bar ɗaya. Wanda aka bari zai tashi bijimi, wuya ya yi kauri, tozo ya cika, ga faɗa ga bin shanu. Wanda aka dandaƙe kuwa sai ya yi sanyi, ya tara kitse, ya daina kula mata. Me aka raba shi da shi? Wani sinadari ne da maraina ke zubawa cikin jini, likitoci na kiransa testostiron. Shi ne dai a jikin ɗan Adam: shi ke buɗe murya, ya fito da gemu, ya gina tsoka da ƙashi, ya ƙara jini, ya tayar da sha'awa, ya kuma taimaka wajen yin ƙwayoyin haihuwa.

Wani abin mamaki, daga jikin dabbarmu aka fara samo shi. A 1935 wani masani mai suna Ernst Laqueur da abokan aikinsa a birnin Amstadam na ƙasar Holan suka tace shi daga marainan bijimai. Sai da suka tara kusan kilo 100 kafin su sami miligiram 10, abin da bai kai ƙwayar dawa ba. To, a nan akwai darasi ga masu rububin gasassun maraina a bakin kwata. Maraina ba rumbu ba ne, ba sa ajiye sinadarin. Suna yi ne suna turawa cikin jini nan take. Ɗan abin da ya rage kuma, in an haɗiye, hanta ce ke lalata shi. Nama ne dai mai daɗi, amma ba magani ba.

Yadda ake gane shi

Daga wajen shekara 40, sinadarin na raguwa da kamar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Wannan tafiyar girma ce, ba cuta ba, kuma da yawa suna kaiwa 70 da isasshensu. Cutar ita ce in ya faɗi ƙasa ainun har alamu suka bayyana. Manyan alamun su ne mutuwar sha'awa, ɗaukewar miƙewar asuba wadda lafiyayyen namiji kan farka da ita, da raunin gaba. Akwai kuma kasala, saurin fushi ko baƙin ciki ba dalili, zubewar tsoka, tumbi, kumburin nono, ƙanƙancewar maraina, da rage yawan aski domin gashin fuska ya daina tofowa kamar da. In abin ya daɗe, ƙashi kan yi rauni har ƙaramar faɗuwa ta karya mutum.

Amma a lura da kyau. Ba duk raunin gaba ne ke zuwa daga ƙarancin wannan sinadari ba. Mafi yawa daga hanyoyin jini ne: ciwon sukari, hawan jini, taba. Hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su ke fara toshewa. Mutumin da har yanzu yana da sha'awa amma gaba ta ƙi, sau da yawa jikinsa ne ke yi masa gargaɗi tun kafin zuciya ta buga. Shi kuwa sai ya ce basir ne ko sanyi ko zaƙi, ya yi shekara biyar yana shan jiƙo, sukari na cin sa a ɓoye.

Me ke kawo shi?

Wani lokaci laifin daga maraina ne kansu. Hangum in ya kama namiji bayan balaga yakan sauka can ya kumbura su, wani ya ƙanƙance. Harbin sa ko tunkuyi a wurin, wanda ba baƙon abu ba ne wajen loda dabbobi a mota ko tarago, yakan yi ɓarna. Akwai yaron da aka haifa ɗaya bai sauko ba. Wannan aikin likita ne tun yana jariri, ba a jira ya girma. Akwai kuma murɗewar maraina, ciwo mai tsanani farat ɗaya, yawanci ga samari. Wannan ba ya jiran gari ya waye, domin in an wuce kamar awa 6 ba a yi aiki ba ana iya rasa shi.

Wani lokaci kuma maraina lafiyarsu lau, umarni ne ba ya zuwa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake, shi ne maigidan da ke aiko musu da saƙo su yi aiki. Ƙiba mai yawa, musamman ta tumbi, tana rage wannan saƙo, kitse kuma yana juya sinadarin maza ya koma irin na mata. Ciwon sukari haka. Giya haka. Sai kuma babbar annobar zamani, wato tiramol da maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana a 2018. Yaranmu masu kora da masu bin tirela suna sha don su jure gajiya, wasu ma don daɗewa wajen iyali. Ba su sani ba, irin waɗannan ƙwayoyi suna kashe wancan saƙo na ƙwaƙwalwa, sai ka ga saurayi ɗan 28 ya koma kamar dandaƙaƙƙen sa.

Barci ma na da nasa. Yawancin sinadarin cikin barci ake yin sa. A 2011 an gwada wasu samari lafiyayyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, aka rage musu barci zuwa awa 5 har mako guda, sai ya ragu da kashi 10 zuwa 15. To ina ga falken da ya taso da kaya daga Ngaundare, kwana da kwanaki yana gyangyaɗi a zaune, ya iso Bonaberi ya wuce ciniki kai tsaye?

Abin da za a yi

Kamar yadda ba ma sayen sa a duhu, haka ba a gane wannan ciwo da ka. Sai an auna jini. Ana ɗiba da safe, tsakanin ƙarfe 7 da 11, kafin a karya, domin da safe yake kaiwa ƙololuwa. Ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an maimaita wata rana. Kada a auna lokacin zazzaɓi, don yakan faɗi na ɗan lokaci ya dawo. Likitoci da yawa na ɗaukar ƙasa da 300 a ma'aunin ng/dl a matsayin ƙaranci, wato 3 in takardar da ng/ml aka rubuta ta. A nan Duwala ana iya farawa daga asibitin New Bell, daga nan a tura mutum Laquintinie ko Babban Asibitin Duwala wajen likitan mafitsara. A roƙi a haɗa da awon sukari da na hawan jini rana ɗaya.

In ƙiba ce ko sukari ko ƙwaya, maganin farko shi ne cire sanadin. Rage tumbi, rage shayi mai sukari da lemon kwalba, taka ƙasa da ƙafa, samun barci, barin tiramol da taimakon likita. Da yawa daga nan kaɗai abin ke dawowa.

In kuwa likita ya tabbatar da ƙaranci na gaske, akwai allura ta bayan mako 2 zuwa 3, da ta bayan kamar wata 3, da man shafawa na kullum. Suna aiki, amma da sharaɗi. Na farko, duk mai neman haihuwa kada ya kusance su. In sinadarin ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ga ya wadata ta daina aika saƙo, maraina su kwanta, ƙwayoyin haihuwa su ɗauke. Farfaɗowarsu kan ɗauki watanni, wani har fiye da shekara. Masu neman haihuwa akwai nasu maganin daban. Na biyu, yana sa jini ya yi kauri, don haka dole a riƙa aunawa. Na uku, mai ciwon daji na furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara, ba a ba shi. Wani babban bincike da aka fitar a 2023 a kan maza sama da 5,000 ya nuna bai ƙara yawan bugun zuciya ba, amma an ɗan sami ƙarin rikicewar bugawarta da gudan jini a huhu. Ke nan ba abin da za a sa yaron kemis ya yi wa mutum a bayan shago ba ne. Allurar dabbobi kuwa, don Allah a bar wa dabbobi.

Ƙwayoyi irin su Viagra ba sa ƙara wannan sinadari, hanyar jini kawai suke buɗewa. Mai shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, in ya haɗa da su jininsa na iya faɗuwa ya tafi ke nan. An kuma sha kama kofi da zuma da jiƙon da ake cewa na itatuwa ne zalla, alhali an niƙa irin wannan ƙwaya an zuba, ba awo ba ƙa'ida.

Haƙƙin iyali

A ƙarshe, 'yan'uwa, akwai waɗanda ke shan wahalar wannan shiru namu. Mace nawa aka saka don ba ta haihu ba, aka auro wata, ita ma shiru? Likitoci sun tabbatar, a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai hannun namiji a ciki. Awon maniyyi abu ne mai sauƙi, bai kai wahalar da ake ɗora wa mata ba. Mace nawa kuma ke kwana da zargin an daina son ta, ko maigida ya yi wata a hanya, alhali ciwo ne ya kasa faɗa? Aure amana ne. A gaya mata, a tafi asibiti, kuɗin da ake zubarwa a kwalabe a kai shi wurin awo.

Shugabannin kara da iyayen gida kuma, a sa ido kan yaran da ke ƙarƙashinmu. Wanda aka ga ya fara ƙwaya a ja shi a jiki tun da wuri, wanda sa ya harba a kai shi asibiti ranar, kada a ce ya daure.

Allah Ya ba mu lafiya da zuriya mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya. Amin.